Darasin Kimiyya: Lissafin Aiki da Saurin Aiki

Jama'a masu karatu, idan kun je sayen injin ban-ruwa, mai kanti zai ce muku, "Wannan doki uku ne, wancan doki biyar." Da yawanmu mukan biya kuɗi ba mu san abin da ake nufi ba. To, ga bayani.

A kimiyya ba a cewa an yi aiki sai ƙarfi ya gusar da abu. Wanda ya wuni yana tura bango, bangon bai motsa ba, ya dai sha wahala, amma bai yi aiki ba. Ana auna ƙarfi da niyuton, nisa da mita, aiki kuma da jul.

Aiki = ƙarfi × nisa

Mu je bakin rijiya. Ruwa lita 10 nauyinsa kilo 10 ne. Ɗaga kilo ɗaya yana cin kusan niyuton 10, saboda haka gugan nan yana bukatar niyuton 100. In zurfin rijiyar mita 15 ne, sai mu ce:

100 × 15 = jul 1,500

Yanzu sai lokaci. Magidanci ya jawo gugan cikin daƙiƙa 30, ɗansa kuwa sai da ya yi daƙiƙa 60. Aikinsu ɗaya ne, saurin ne ya bambanta. Saurin aiki ana auna shi da wat, sunan James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi, ya rasu a 1819.

Saurin aiki = aiki ÷ daƙiƙoƙi

Uban: 1,500 ÷ 30 = wat 50. Ɗan: 1,500 ÷ 60 = wat 25. Duk gumin nan na uban bai kai ƙwan lantarki mai wat 60 ba!

Shi "doki" ɗaya na mai kanti kusan wat 746 ne. A ce manomin fadama yana son ɗaga ruwa lita 1,000 zuwa tudu mai tsawon mita 6 cikin minti 2, wato daƙiƙa 120. Ƙarfin da ake bukata niyuton 10,000 ne, aikin jul 60,000. A raba da 120, an sami wat 500, ko doki ɗaya bai cika ba. Amma kada a sayi inji daidai wannan lissafi. Wani ƙarfin yana salwanta a zafin inji da gogayyar ruwa cikin mesa, musamman doguwa ko tsukakkiya. A bar rara mai kauri.

Aikin gida: an ɗora buhun masara mai kilo 100 a kan amalanke mai tsayin mita 1 cikin daƙiƙa 5. Jul nawa ke nan? Wat nawa? Ku kai amsa wa malamin ajinku.