Darasin Wannan Wata: Tambayar Da Ke Biye Da Gaisuwa

Karatu: Luka 24:13-35, 1 Sama'ila 1:1-18, Markus 10:46-52



Mu mutane ne masu gaisuwa. Tsakanin ƙofar gida da bakin kasuwa mutum yakan yi tambayoyi masu yawa, a kuma yi masa. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya iyali? Suna lafiya. Ina labari? Sai alheri. Wannan gado ne mai kyau da iyaye suka bar mana, kuma wanda ya wuce mutane ba gaisuwa ya nuna ƙarancin tarbiyyarsa. Sai dai mu lura da abu guda: duk waɗannan tambayoyi da amsarsu suke tafe. Mutumin da ya kwana a asibiti yana jinyar ɗansa zai ce mana lafiya lau. Matar da ba a ɗora tukunya a gidanta ba tun jiya za ta ce mana sai godiya. Ba ƙarya suka yi ba, ladabin gaisuwa ke nan. Gaisuwa takan kai mu zauren gida ne, mu kuwa sau da yawa daga zauren muke juyawa, muna tsammanin mun ga mai gidan.

Darasinmu na wannan wata a kan tambaya ta biyu ne, wato wadda ke zuwa bayan an gama gaisawa, wadda ba mu san amsarta ba, kuma muke shirye mu tsaya mu ji.

1. A kan hanyar Imuwasu

Luka ya ba mu labarin almajirai biyu da suka bar Urushalima ran Lahadin da Ubangijinmu ya tashi daga matattu. Imuwasu suka nufa, ƙauyen da ke da nisan kamar kilomita 11. Yesu ya riske su a hanya, ba su kuwa gane shi ba. A duk duniya babu wanda ya fi shi sanin abin da ya faru a kwanaki ukun nan, gama a jikinsa aka yi. Duk da haka bai fara da bayani ba. Ya tambaye su zancen da suke yi. Suka tsaya cik, fuskokinsu cike da baƙin ciki. Kiliyobas ya mayar masa da amsa mai ɗan kaifi, irin wadda ake ba baƙon da bai san abin da gari ke ciki ba.

A nan ne da yawa cikinmu za su ji haushi su yi shiru, ko su ce ai mun sani. Ubangiji kuwa ya sake tambaya, ya nemi su gaya masa ko waɗanne abubuwa ne. Tambayar gajeriya ce ƙwarai, amma amsarta ta ɗauki daga aya ta 19 har ta 24. A cikinta ne suka fito da abin da ke cin ransu: sun sa zuciya ga wannan mutum, ga shi an gicciye shi, har ma labarin da matan suka kawo daga kabari bai ƙara musu komai ba sai ruɗewa. Sai da suka juye duk abin da ke cikinsu, sa'an nan ya tsawata musu, ya buɗe musu Littattafai. Daga baya su da kansu suka shaida cewa zukatansu sun yi zafi a hanya.

Haka kuma ya yi da Bartimawas a bakin hanyar Yariko. Kowa yana ganin makaho ne, kowa zai iya cewa ya san bukatarsa. Amma Yesu ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Mutumin da taro ke tsawata wa ya yi shiru, shi ne aka ba dama ya faɗi bukatarsa da bakinsa. A cikin surar nan ta 10 ta Markus, Ubangiji ya riga ya yi wa Yakubu da Yohanna irin wannan tambaya, su kuwa suka roƙi kujerun girma. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kowace ta nuna abin da ke zuciyar mai ita.

Idan shi da ya san zukatan mutane ya ga ya dace ya tambaya, balle mu da ba mu san ko abin da ke bayan katangar maƙwabcinmu ba.

2. Tambayoyin da ke rufe baki

Ba duk abin da ya yi kama da tambaya ne tambaya ba. Labarin Hannatu ya nuna mana iri biyu.

Hannatu ba ta haihu ba, kishiyarta kuwa tana tsokanarta kowace shekara idan an tafi Shilo yin sujada. Mijinta Elkana yana ƙaunarta ƙwarai. Da ya ga tana kuka ba ta cin abinci, sai ya jero mata tambayoyi huɗu a jere, ta ƙarshen kuwa ita ce ko shi bai fi mata 'ya'ya goma ba. Littafi Mai Tsarki bai rubuta mana amsarta ba. Da me za ta amsa? Idan ta ce ya fi, ta ɓoye ciwonta. Idan ta ce bai fi ba, ta ɓata wa mijinta rai. Wannan ita ce tambayar da ta riga ta amsa kanta. Muna yin irinta kullum: "Ai ba komai, ko?" "Kin dai ji sauƙi, ko ba haka ba?" "Me kika rasa a gidan nan?" Da kyakkyawar niyya muke yi, amma hanya ɗaya tak muka bar wa mai amsa.

Ta biyu ita ce ta Eli firist. Ya ga leɓunan Hannatu suna motsi ba a jin murya, sai ya ɗauka ta bugu, ya tambaye ta har yaushe za ta yi ta maye. Hukunci ne aka yanke, aka sa masa rigar tambaya. Irinta ce muke yi wa 'ya'yanmu: "Wane irin yaro ne kai?" "Yaushe za ka yi hankali?" Yaro ba shi da amsar da zai bayar sai sunkuyar da kai, gobe kuma idan abu ya same shi a makaranta, ba mu ne zai fara gaya wa ba. Abin yabo ga Eli shi ne, da Hannatu ta yi bayani ya saurara, ya sake magana, ya sallame ta da albarka. Mu firistoci da katekis da shugabannin zumunta, wannan gargaɗi namu ne kafin na kowa.

Akwai iri na uku, wato tambayar tarko, kamar wadda aka kawo wa Ubangiji a kan biyan haraji ga Kaisar a Markus 12. Mai yinta ba ya neman sani, yana neman abin da zai kama mutum da shi ne. A tarurrukan kwamiti da wajen sasanta ma'aurata mukan ji ta, kuma duk inda ta shiga gaskiya takan ɓuya.

3. Abin da Ikilisiya ke koyarwa

Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a shekarar 1556, ya kafa wata ƙa'ida ga masu ba da jagora ta ruhaniya da masu karɓa. Ma'anarta ita ce, ya kamata Kirista ya fi saurin yi wa maganar ɗan'uwansa kyakkyawar fassara a kan ya hukunta ta. Idan ya rasa yadda zai fassara ta da kyau, sai ya tambayi mai maganar abin da yake nufi. Idan bayan haka ta tabbata akwai kuskure, sai ya gyara masa cikin ƙauna. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya ɗauko wannan ƙa'ida ya sa a lamba ta 2478, ƙarƙashin doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur.

Mu lura da inda aka ajiye ta. Ikilisiya tana nuna mana cewa yanke wa mutum hukunci a zuci ba tare da isasshen dalili ba, laifi ne ga gaskiya. Maganinsa kuwa kalmomi kaɗan ne: "Ban gane ba, me kake nufi?" Gidaje nawa ne aka yi shekara ba a ga maciji a cikinsu saboda wata magana da aka ji a bakin wani, ba wanda ya koma wurin mai ita ya tambaya? Magabata sun ce mai tambaya ba ya ɓata. Ba hanyar gari kaɗai suke nufi ba.

4. A gida da cikin ikilisiya

Mun san wata ƙaramar majami'a ta ƙauye inda wani magidanci mai himma ya daina zuwa Misa. Aka aika masa mutane har sau biyu. Kowane zuwa tambayar ɗaya ce: "Me ya sa ka daina zuwa?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Zan zo, da yardar Allah." Aka fara cewa ya ja da baya, wasu har suna cewa ya koma wani wuri. Sai wani tsohon katekis ya same shi a gona, ya taya shi ɗaure dawa, bai ambaci majami'a ba. Da suka zauna a inuwa ya ce masa, "Ɗana, yaya daminar bana ta bar ka?" Ya yi shiru, ya jira. Ashe bashin taki ne ya ci, gona ba ta yi ba, mai bashin kuwa a benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Kunya ce ta tsare shi a gida wata huɗu. Aka zauna da mai bashin, aka tsara yadda za a biya, mutumin ya dawo. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma sai ya ga wanda zai iya nuna wa.

Daga wannan, da kuma misalin Ubangijinmu, ga abubuwa huɗu da za mu gwada.

Na ɗaya, mu tambayi abin da ba a iya amsa shi da i ko a'a. Maimakon "Makaranta lafiya?" uba ya ce, "Me aka koya muku yau da ya ba ka wuya?" Maimakon "Kin gama aikin?" maigida ya ce, "Yaya yinin ya kasance miki?"

Na biyu, mu ɗora tambayarmu a kan abin da aka riga aka faɗa mana. Idan 'yar'uwa ta ambata a makon jiya cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, wannan Lahadin mu ce, "Yaya jikin Mama? An samu maganin?" Tambayar da ta tuna ta fi dogon jawabi nuna ƙauna.

Na uku, mu yi tambaya ɗaya mu jira. Shiru ba ya kisa. Sau da yawa mutum yana auna mu ne a cikin shirun, ko da gaske muke son ji. Idan muka cika wurin da labarin kanmu, mun ba shi amsa.

Na huɗu, mu duba wuri da lokaci. Abin da mutum ba zai faɗa a ƙofar majami'a gaban jama'a ba, zai iya faɗa a hanyar komawa gida. Yaro ma akwai yadda zai tambayi babba cikin ladabi: "Baba, ko za ku ba ni labarin yadda aka gina majami'ar nan?" Dattawanmu suna tafiya da labarai masu yawa domin ba mai tambayarsu.

A 1995, a birnin Yawunde na Kamaru, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya miƙa wa Afirka sakamakon taron bishop-bishop na 1994, inda aka bayyana Ikilisiya a matsayin iyalin Allah. Iyalin da 'ya'yansa ba su san halin da juna ke ciki ba, sunan iyali kawai ya rage masa.

5. Iyakar tambaya

Kada wani ya ɗauki darasin nan a matsayin izinin bin diddigi. Akwai tambayar da ke warkarwa, akwai mai fama ciwo. "Har yanzu ba labari?" ga matar da ta shekara biyar da aure ba haihuwa. "Yaushe za mu sha biki?" ga budurwar da ƙannenta suka riga ta. "Nawa ake biyan ka?" ga saurayin da ke ɓoye rashin aiki. Waɗannan mutane sun riga sun yi wa kansu tambayar a daren da ba mu nan.

Ikilisiya ta sa wa firistocinta ma iyaka. Dokokin Ikilisiya na 1983, a doka ta 979, sun umarci firist ya yi tambaya cikin hikima da kamewa a Sakramentin Tuba, yana la'akari da hali da shekarun mai tuba, kuma kada ya tambayi sunan wanda aka yi zunubin tare da shi. Idan an hana firist son jin ƙwaƙwaf a wurin da aka zo domin a buɗe masa zuciya, ina ga wanda ke zaune a gindin bishiya? Ma'auni mai sauƙi shi ne mu tambayi kanmu tukuna: don amfanin wa nake son sani, me kuma zan yi da amsar? Abin da aka gaya mana amana ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kuma mutum ya ƙi amsawa, mu girmama shirunsa, mu bar masa ƙofa a buɗe.

Tambayoyi don tattaunawa a zumunta

1. Wace tambaya aka taɓa yi mana da ta sa muka ji an damu da mu?
2. Cikin tambayar Elkana da ta Eli, wacce muka fi yi a gidajenmu?
3. Wane ne muka daɗe ba mu gani a majami'a ba? Wa zai je wurinsa a makon nan, da wace tambaya kuma?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka yi tafiya tare da almajiranka kana sauraron baƙin cikinsu, ka koya mana tsayawa. Ka tsare harshenmu daga tambayar tuhuma da ta tarko, ka ba mu kunnen da ke jira, da cikin da ke riƙe amana. Ka sa waɗanda ke ɗauke da kaya a ɓoye a cikin ikilisiyarmu su sami mai tambayarsu. Kai da kake raye kana mulki har abada abadin. Amin.