Kada ka kafa hujja da abin da ba ka karanta ba

 Ɗana, tunda lokacin rubuta kundin digiri ya yi, kuma bitar ayyukan da suka gabata ta sha maka kai, bari in yi maka 'yar nasiha a kan Semantic Scholar.

Shafi ne na neman maƙalun ilimi, kuma ba a biyan ko sisi. Cibiyar Allen mai binciken ƙirƙirarriyar basira, da ke birnin Siyatil a Amurka, ita ta buɗe shi a 2015. Da fannin kwamfuta aka fara, yau kuwa maƙalun da ke cikinsa sun haura miliyan 200 daga fannoni iri-iri. Kana rubuta batun da kake nema zai jero maka maƙalu, ya nuna waɗanda kowace ta dogara da su, da waɗanda suka dogara da ita daga baya. Har yakan ware ayyukan da suka ginu a kanta sosai daga waɗanda suka ambace ta a wuce. Tun 2020 kuma yake taƙaita maƙalu da dama a jimla ɗaya tak.

To, a wannan jimla ɗayar nake jiye maka. Na'ura ce ta tsara ta domin ka gane ko maƙalar ta shafi aikinka, iyakar amfaninta ke nan. Ba za ta faɗa maka mutum nawa aka yi binciken a kansu ba, ko a wace ƙasa, ko inda marubucin da kansa ya ce sakamakonsa yana da rauni. Waɗannan suna cikin babin hanyoyin bincike da na kammalawa. Gani ya kori ji: buɗe maƙalar, ka karanta, sannan ka sa ta a manazarta. Idan ka tarar sai an biya kuɗi, duba ko akwai kwafin kyauta a arXiv ko PubMed Central, ko ka tambayi ma'aikatan laburare, ko ka rubuta wa marubucin cikin ladabi.

Ka ɗauki ɗabi'ar malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta. Idan wani ya ce wane ya faɗa, koma wurin wanen. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, ba tare da sun tantance ba. Maƙalun Semantic Scholar na gaskiya ne, amma sakacin iri ɗaya ne.

Kada kuma ka ɗauka abin da shafin bai nuna ba babu shi. Kundaye da yawa na jami'o'inmu, da tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya, suna nan a takarda. Leƙa shafin AJOL don mujallun Afirka, ka taka zuwa laburaren Kashim Ibrahim a Zariya ko Gidan Arewa a Kaduna. Yawan ambato ma ba shaidar inganci ba ne, domin akan ambaci aiki don a ƙaryata shi.

Ranar kare kundi, mai jarrabawa zai ɗora yatsa a kan suna ɗaya cikin manazartarka ya ce, "Me wannan ya gano?" Ka yi aikin da zai sa ka amsa ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Allah ya ba da sa'a, ya sa ilimin ya amfane ka.