Shayi da Mai Juna Biyu: Amfaninsa da Ƙa'idar Shansa

Da wuya a sami gidan da ba a dafa shayi da safe. Saboda haka masu zuwa awo kan yawan tambayar ma'aikatan jinya ko ya dace mai ciki ta ci gaba da shan shayi, musamman farin shayin da ake ta yabonsa yanzu. Amsar ita ce shayi yana da amfani kuma ba a hana mai ciki shansa ba, amma akwai adadi da lokacin da ya kamata ta kiyaye.

Mene ne farin shayi?

Da yawa idan sun ji an ce farin shayi sai su ɗauka shayi mai madara ake nufi. Ba haka ba ne. Baƙin shayi da koren shayi da farin shayi duk ganyen itace guda ne, yadda ake sarrafa ganyen ne ya bambanta su. Baƙin shayi, irin wanda muka saba da shi, ana murza ganyen a bar shi ya sha iska har ya yi duhu. Koren shayi, wanda ake dafa ataya da shi, ana ɗumama ganyen da wuri don kada ya canja launi. Farin shayi kuwa toho ne da ƙananan ganye da ake tsinka tun suna lulluɓe da farin gashi mai laushi, a shanya su su bushe kawai. Asalinsa lardin Fujiyan ne a ƙasar Sin, kuma ruwansa fatsi-fatsi ne, ba shi da ɗaci sosai.

Amfanin shayi ga jiki

Na farko, shayi ruwa ne, mai ciki kuwa tana bukatar ruwa fiye da da. Na biyu, ganyen yana ɗauke da sinadaran folifenol waɗanda ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki da jijiyoyin jini daga lalacewa. Farin shayi da kore suna riƙe da irin waɗannan sinadarai da yawa saboda ba a sarrafa su sosai ba. Na uku, akwai sinadarin fulorayid mai ƙarfafa haƙora, muddin ba a cika sukari ba.

Wani bincike da aka buga a 2022 a kan mutane kusan rabin miliyan a Birtaniya ya gano cewa masu shan kofi biyu ko fiye na shayi a rana, haɗarin mutuwarsu a shekarun binciken ya yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari idan an kwatanta da waɗanda ba sa sha. Akasarinsu baƙin shayi suke sha. Ke nan ba sai kin kashe kuɗi a kan farin shayi mai tsada ba kafin ki amfana. A kuma lura, shayi abin sha ne, ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon sukari.

Sinadarin kafeyin

Kowane irin shayi yana da kafeyin, har da farin, duk da sauƙin ɗanɗanonsa. Kafeyin shi ne ke wartsake mutum ya hana shi barci. Yana ratsa mabiyiya ya isa ga jaririn da ke ciki, shi kuwa hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa shi ba. Ita ma uwa, a watannin ƙarshe na ciki jikinta yakan ɗauki lokaci ninki biyu ko uku kafin ya fitar da shi. Yawan kafeyin yana da alaƙa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage. Likitocin mata a Amurka da Birtaniya sun sa iyakar a miligiram 200. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana da kamar miligiram 50 zuwa 75, gwargwadon girman kofin da daɗewar ganyen a ruwa. Don haka kofi biyu a rana sun wadatar. Amma a haɗa lissafin da sauran abubuwa, domin goro da Nescafé da lemon kwalba irin su Coca-Cola da cakulan duk suna da kafeyin. Ataya kuma, duk da ƙanƙantar kofinta, ana tafasa ganye mai yawa ne a ruwa kaɗan, saboda haka tana da ƙarfi. Lemon ƙarin kuzari na gwangwani kuwa mai ciki ta ƙaurace masa gaba ɗaya.

Shayi da ƙarancin jini

Wannan shi ne abin da ya fi damun mu a ɗakin awo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini tana fama da kasala da jiri da haki, kuma zubar jini kaɗan a wajen haihuwa na iya jefa ta cikin haɗari.

Jiki yana haɗa jini ne da sinadarin ƙarfe da yake samu daga abinci. Sinadarin tanin da ke sa shayi ɗaci yana kama wannan ƙarfe a cikin hanji ya hana jiki tsotse shi, musamman ƙarfen da ke cikin wake, zogale, alayyahu da hatsi. Idan aka sha shayi tare da abinci, abin da jiki zai tsotsa na iya raguwa da fiye da rabi. Haka yake yi wa ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki a wajen awo. Madarar da ke cikin shayin ma tana ƙara rage shigar ƙwayar.

Saboda haka kada ki haɗiyi maganin ƙarin jini da shayi. Ki sha shi da ruwa, in da hali ki bi shi da lemon zaƙi ko gwaiba, domin bitamin C yana taimaka wa ƙarfe shiga jiki. Ki bar tazarar aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci, da awa biyu tsakanin shayi da ƙwayar.

Sauran abubuwan kiyayewa

A rage sukari da madarar gwangwani mai zaƙi. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa, wadda aka gano tana da ciwon sukari na ciki kuwa ta bi abin da likita ya tsara mata.

A bar shayi ya huce kafin a sha. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 na iya haddasa ciwon daji a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki.

Shayin citta marar ƙarfi yana rage tashin zuciya a farkon ciki. Amma shayin rage ƙiba da na wankin ciki da haɗe-haɗen saiwoyi da ake talla, kada mai ciki ta sha, ko da an ce na gargajiya ne.

Mai shayarwa ta tsaya a kan kofi biyun nan, domin kafeyin yana shiga nono ya hana jariri barci. Kada a ɗura wa jariri shayi. Nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida.

Ga maigida da uwar miji da sauran 'yan gida

Shayi da burodi kaɗai ba su isa karin kumallon mai ciki ba. A haɗa mata da ƙwai ko ƙosai ko alala, a kuma riƙa tuna mata da maganinta da ranar awo. Idan kuka ga tana yawan jiri, ko zuciyarta tana bugawa da sauri, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, a kawo ta asibiti a duba jininta ba tare da jiran ranar awo ba.

Allah Ya sauke ku lafiya.