Wa Ke Da Ikon Cewa "Mun Yafe"?

A yawancin mace-macen da sakacin wani ke jawowa a Arewa, magana takan mutu tun kafin addu'ar uku. Mai motar da ta take mutum, ko ɗan kwangilar da gininsa ya rufta da leburori, zai zo zaman makoki da dattawa biyu, da buhun shinkafa, da jarkar mai, da ambulan a aljihu. A zauna kan tabarma a ƙofar gida, a shafa fatiha, sai babban wan mamaci ko baffansa ya gyara murya ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ne ya kawo, mun yafe duniya da lahira. Kowa ya ce madalla. Matar mamacin kuwa tana can ƙuryar ɗaki ta shiga takaba, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. Mu lauyoyi sai daga baya muke ganin irin waɗannan iyalai, bayan shinkafa ta daɗe da ƙarewa, an koro yara daga makaranta, mai gidan haya ya ba da notis. Magana ɗaya nake son kafawa a nan: diyya dukiyar magada ce, kuma wanda ya fi saurin yafe ta galibi ba shi da ko kwabo a cikinta.

Mu fara da addini, tunda da shi ake rufe bakin mai nema. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: kaffara, wadda ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka bar ta sadaka. Wato ko da babu niyya, ko da mai laifin ya fi kowa kuka a maƙabarta, haƙƙin yana nan. Malaman Malikiyya sun ƙiyasta ta da raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari dubu ya haura kilo huɗu na zinare, kuma duk mai bibiyar ƙiyasin da hukumomin zakka ke fitarwa tare da nisabi da mafi ƙarancin sadaki ya san maganar ɗaruruwan miliyoyin naira ake yi a yau. Ana raba ta yadda ake raba gado. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har sai da Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ya rubuto wa shi Dahhakun ya gadar da matar wani mai suna Ashyamu daga diyyar mijinta, sai Umar ya janye ra'ayinsa. To idan mamaci ya bar mata da ɗa namiji, wansa da baffansa ba magada ba ne, an shamakance su. Baligin magaji yana da ikon yafe kasonsa, kuma yana da lada. Amma kason maraya, ko waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da shi. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai Wanda ya ƙaddara mutuwar shi ne ya shar'anta diyyar, saboda haka ba a kafa hujja da ɗaya don a rushe ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar boko ma ta bi wannan sawu. A Ingila, har zuwa 1846, idan ka karya wa mutum ƙafa za ka biya, idan ka kashe shi kuwa iyalansa ba su da ƙarar da za su shigar, sai da majalisarsu ta yi dokar da ta gyara wannan. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, kuma jihohinmu sun gaje ta. A cikinta an fayyace cewa idan mamaci Musulmi ne, waɗanda ake shigar da ƙarar dominsu su ne masu rabo a diyyar kisan kuskure a shari'ar Musulunci. Lissafin babbar kotu dai daban yake da na raƙuma: tana duba abin da mamacin ke kawowa gida a shekara, ta cire abin da yake kashe wa kansa, ta ninka da shekarun da ake kyautata zaton zai ci gaba da ciyarwa, ta haɗa da kuɗin jana'iza. Wannan ƙara kuma daban take da tuhumar da 'yan sanda ke yi wa direba. Waccan ta gwamnati ce, manufarta hukunci. Ana iya sallamar direba a can saboda hujja ba ta kai matakin yanke shakka ba, amma iyali su yi nasara a nan, domin a ƙarar sakaci rinjayen hujja ake nema.

Za a ce, direban nan talaka ne, me za a samu a jikinsa ban da a jefa wani gidan cikin wahala? Tambaya ce mai nauyi, kuma shari'ar Musulunci ta riga ta amsa ta, domin diyyar kuskure ba a kan mai laifi shi kaɗai take ba, a kan aƙila take, wato danginsa na wajen uba, su biya a hankali cikin shekara uku. Dokar ƙasa ita ma ba a kan direba take tsayawa ba. Idan yana bakin aikinsa ne lokacin haɗarin, ubangidansa, mutum ne ko kamfani, yana ɗaukar alhaki tare da shi. Sannan ga inshorar dole ta ababen hawa, wadda aka ƙara kuɗinta ga ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Mutane sun mai da takardar abin nuna wa ɗan sanda a shingen hanya, alhali an ƙirƙire ta ne musamman domin wanda motar ta kashe ko ta raunata. Wanda ya mutu a bakin aiki kuwa, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, daga nan ake biyan iyalansa duk wata. Dokar fansho ta 2014 kuma ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Sau da yawa idan iyali sun yafe, ba talakan direban suka yafe wa ba, kamfanin inshora suka yafe wa, wanda tuni ya karɓi kuɗinsa. Na san akwai malaman da ke da magana a kan inshora, kuma ga takaful ga mai son kauce wa saɓani, amma wannan muhawara ce ta mai biyan kuɗin inshora. Maraya dai haƙƙin ubansa yake karɓa daga wanda ya ɗauki alhakinsa.

Za a kuma ce, kotu ba ta talaka ba ce, balle a ce da gwamnati ko babban kamfani ake ja. A nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Shari'a tana daɗewa, ana ɗage zama, ana ɗaukaka ƙara, kuma ko an yi nasara a kan gwamnati, doka ta ce sai da amincewar antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'inta. Amma wahala daban, rashin yiwuwa daban. A 1981 gwamnatin Oyo ta zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Iyalansa suka bi kadi har Kotun Ƙoli, a 1986 ta ce kisan ya saɓa doka, ta ba su naira 7,400, kuma har yau da wannan hukunci lauyoyi ke kafa hujja. A 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, suka kashe mutum takwas, galibi 'yan ci-rani masu tuƙa Keke Napep. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yi bincike, ta yanke miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin mutum 11 da suka ji rauni, aka biya miliyan 135 a 2018. A Kano ma, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, aka fara biyan iyalai a 2011 bayan gwajin DNA na tabbatar da dangantaka. Shekara goma sha biyar ba wasa ba ce. Amma da iyayen sun ce mun bar wa Allah tun a 1996, da ko sulhun ba a yi ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya mai ofisoshi a jihohi, kuma hukumar kare haƙƙi ba ta karɓar kuɗi kafin ta saurari koke.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shari'o'i ba ƙarfin abokin gaba ba ne, lokaci ne da rashin takarda. Wa'adin shigar da ƙarar mutuwa galibi shekara uku ne daga ranar rasuwa. Neman haƙƙi a NSITF shekara ɗaya ne. Idan kuwa jami'in gwamnati ko hukuma ake ƙara, dokar kare jami'an gwamnati ta rage wa'adin zuwa wata uku, ban da wasu 'yan togaciya da kotuna suka yi, kuma wasu hukumomin sai an aika musu takardar gargaɗi kafin a maka su. A lura da wannan da kyau: takaba wata huɗu ce da kwana goma. Ke nan kafin matar ta fito, ƙofa ta riga ta rufe. Akwai sauƙi idan kisan ya shiga babin take haƙƙin rayuwa da sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare, domin ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 sun cire wa irin wannan ƙara wa'adi, amma ba kowace mutuwa ke shiga wannan babi ba. Don haka ɗan'uwan da ke son yi wa marayu gata, aikinsa a makon farko shi ne ya tabbatar an kai rahoto caji ofis an rubuta, ya karɓi takardar shaidar mutuwa daga likita mai nuna musabbabi, ya ɗauki hoton wurin da lambar mota da takardar inshora, ya rubuta sunayen shaidu da lambobinsu. Mukan gaggauta suturta mamaci, kuma haka ya dace, amma likita ya duba gawa ya rubuta abin da ya gani ba ya hana a yi jana'iza kafin la'asar. Sai kuma shaidar abin da mamaci ke samu. Ɗan kasuwa ko mai Keke ba shi da takardar albashi, amma akwai littafin balas, da katin ƙungiya, da littafin adashi, da rasit ɗin kuɗin makaranta, duk kotu tana karɓa a matsayin hujja.

Saura masu cewa zuwa kotu yana ɓata zumunci, musamman idan mai laifin maƙwabci ne ko ɗan gari. Ni ban ce dole sai an je kotu ba. Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa ya fi wa marayu amfani a kan hukuncin da za a jira shekara takwas. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake yi a kwana na biyu, hawaye bai bushe ba, ba wanda ya san girman haƙƙin da ake magana a kai. A karɓi gaisuwa, a karɓi shinkafa, amma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, domin wasu ambulan suna zuwa da rubutun da ke cewa an biya kowane haƙƙi, babu sauran magana. A bari a ƙididdige magada, a ji ta bakin matar ko da ta bayan labule ne, a san ko akwai juna biyu, a tambayi malamin gado da lauya. Idan an daidaita a kan adadi, a rubuta shi da ranakun biya, a kai gaban alƙali ya mai da shi hukuncin kotu, yadda idan an saɓa za a iya tilastawa. Baligin da ya ga dama ya yafe kasonsa a rubuce. Kason yara kuwa a ware shi da sunan kowane ɗaya, a hannun amintaccen da alƙali ya sani, mai kawo lissafi duk lokacin da aka nema.