Labaran Waya da Littattafan Laburare: Me Karatunmu Yake Koya Mana?

'Yan uwa ɗalibai, ana yawan cewa matasan yanzu ba sa karatu. Mu kam ba mu yarda ba. Da yawa daga cikinmu kan raba dare lokacin hutu suna bin labaran soyayya a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma suna sauraron su a rediyo ko YouTube. Abin dubawa shi ne irin Hausar da wannan karatu yake bar mana.

Son labari ba laifi ba ne, kuma mun gaje shi. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga shekarun 1980 kuma littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka jawo matasa ga karatu.

To ina matsalar take? Littafi irin Ruwan Bagaja sai da ya bi ta hannun masu gyara kafin a buga shi. Labarin waya kuwa sau da yawa daga yatsan marubuci sai idon mai karatu. Shi ya sa muke ganin "yace" maimakon "ya ce", da "daki" maimakon "ɗaki", da "bari" inda ake nufin "ɓari". Abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa, kuma mai duba insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO zai rage maki a kan irin wannan kuskure.

Ga shawarwari uku:

1. Duk labarin waya ɗaya da muka gama, mu ari littafi ɗaya daga laburare. Magana Jari Ce wuri ne mai kyau na farawa, don labaransa gajeru ne.

2. Mu ware littafin rubutu, mu riƙa shigar da sababbin kalmomi da karin magana, mu tambayi malamin Hausa ma'anarsu.

3. Mu ɗauki sakin layi ɗaya daga labarin waya mu gyara ƙa'idojin rubutunsa, sannan mu kwatanta da na abokanmu.

Mai karanta Hausa mai kyau shi ke rubuta ta da kyau. 'Yan uwanmu mata su tuna cewa tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata domin mata marubuta, kuma shirin shiga irin wannan fage daga aji yake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta