Karin Maganar Sulemanu a Tsakar Gida: Shawarwari Bakwai

Kakanninmu da suka yi karatu da Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yake cikin waɗanda suka fassara, sun san littafin nan na Sulemanu da ke cikinsa da sunan Misalai. Mu da muka taso da fassarar baya mun san shi da Karin Magana. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda littafin ba ya yawan maganar Haikali ko hadaya. Hankalinsa yana kan mudu, da bashi, da bakin mutum, da ƙofar maƙwabci. Ke nan daga Litinin zuwa Asabar ake gane wanda ya karanta shi.

1. Ku ɗauki sura ɗaya kowace rana, amma kada ku yi mata haɗiyar lomar tuwo. Surorin 31 ne, sun yi daidai da kwanakin wata. Daga sura ta 10 zuwa gaba yawancin ayoyin kowace cin gashin kanta take yi, don haka a sujadar safe ku zaɓi guda ɗaya, ku tambayi yara wace karin maganar Hausa ce ta yi kama da ita. Yaron da ya kawo "ramin ƙarya ƙurarre ne" da bakinsa ba zai manta da ayar ba.

2. Kada ka tsaya wa kowa a bashin da kai ba za ka iya biya ba. Littafin ya nanata wannan gargaɗi a surori na 6, 11, 17, 20 da 22, har a ta 22 ya zana hoton mutumin da aka zo ɗauke gadon da yake kwance a kai. A yau ga yadda abin yake zuwa: ɗan'uwa a majami'a ya ce maka, "Baba, hannu kawai za ka sa, bankin ne ya ce sai da mai tsaya mini." Kunya ta hana ka cewa a'a. Ranar da ya kasa biya, albashinka ko takardar filinka za a bi. Kafin ka sa hannu, ka tambayi kanka ko za ka iya ba shi wannan kuɗi kyauta ka yi barci lafiya. In ba za ka iya ba, ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, ka sallame shi da fara'a. Kuma kada ka sa hannu uwargida ba ta sani ba, domin gadon na ku biyu ne.

Sai dai kada marowaci ya laɓe a nan. Sura ta 3 ta tsawata wa wanda yake da abin taimako a hannu amma ya ce wa maƙwabcinsa ya dawo gobe.

3. Mudu ɗaya ya isa gida. Sura ta 11 ta buɗe da maganar ma'aunin algus, ta 20 kuma ta maimaita har sau biyu, tana kiran sa abin ƙyama ga Ubangiji. Duk mun san mudun saye mai zurfi da mudun sayarwa da aka buga wa gindi. Mai saye ma bai tsira ba: a sura ta 20 ɗin akwai wanda yake kushe kaya lokacin ciniki, in ya juya baya ya shiga alfahari da arhar da ya samu. Yi tayi, halal ne, amma kada ka ce wa tsohuwa daddawarta ta lalace alhali ka san ƙalau take.

4. Magana zarar bunu ce. Sura ta 15 ta nuna amsa mai taushi tana kwantar da fushi, ta 26 kuma ta kwatanta mai tsegumi da itacen da yake ciyar da wuta. Ku yi doka a gida: labarin da aka ji a dandalin WhatsApp na dangi ko na Zumuntar Mata ba ya wucewa gaba sai an tambayi mai shi. Ni dai na lura yawancin gulmarmu da sunan "mu sa shi a addu'a" take yawo.

5. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma sura ta 25 ta ce a rage zirga-zirga a gidan maƙwabci kada ya gundura. Ta 27 ma ta ce gaisuwa da ihu da sassafe daidai take da zagi. Mai kunna waƙoƙin yabo da ƙarfe biyar na asuba a gidan haya, da kai ake.

6. Maigida, sura ta 31 ba bulalar dukan mata ba ce. Ana yawan karanta ta a ranar aure don a lissafa wa amarya aikin da ke jiranta, a tsallake sauran. Matar da aka kwatanta a ayoyi 22 na ƙarshe, waɗanda a Ibrananci kowace ta fara da harafi na gaba cikin haruffansu 22, tana duba gona ta saya, tana ɗinki tana sayarwa, tana da masu taya ta aiki, mijinta kuma ya amince da ita yana yaba mata a bainar jama'a. Surar ma da koyarwar wata uwa ga ɗanta, Sarki Lemuwel, ta fara. In kana son irin wannan mace, ka bar mata jarinta, kada ribar ƙosanta ta zama kuɗin man babur ɗinka. Masu haddace ayar mace mai mita da aka kwatanta da yoyon ɗaki, su leƙa sura ta 26, akwai namiji mai neman faɗa da aka kwatanta da gawayi a kan garwashi.

7. Karin magana ba takardar alkawari ba ce. Ayoyi na 4 da na 5 na sura ta 26 suna jere, ɗaya ta hana a amsa wa wawa, ɗaya ta ce a amsa masa, an bar wa mai karatu ya gane wace ce ta dace da wawan da ke gabansa. Haka ya kamata a riƙi ayar nan ta sura ta 22 a kan tarbiyyar yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan haka yake a mafi yawan lokuta. Amma na ga iyaye masu tsoron Allah suna kuka a ɓoye saboda ɗa ya kangare, 'yan'uwa kuma suna jifansu da wannan aya kamar an kama su da laifi. In kun je gidan irin waɗannan iyaye, ku zauna ku saurara, ku bar wa'azi a gida. Sulemanu kansa, wanda 1 Sarakuna ya ce ya yi karin magana 3,000, ya haifi Rehobowam, wanda ya watsar da shawarar dattawa ya bi ta abokansa samari, kabilai goma suka ɓalle daga hannunsa.