Bruce Onobrakpeya da Hanyar Gicciye

Duk wanda ya taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya ga shanun da mutanen dā suka zana a jikin dutse. Ashe zane ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Duk da haka, idan yaro ya cika bayan littafinsa da zane-zane, a gida akan ce yana ɓata takarda, wasu kuma a cikin ikkilisiya su ce aikin gumaka ne. Saboda haka bari mu duba rayuwar wani mai zane da ya koyi aikinsa a Zariya, mu ga yadda ya kai ga yin zane domin sujada.

An haifi Bruce Onobrakpeya a shekara ta 1932 a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo, cikin Jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa masassaƙi ne. Ya yi sakandare a birnin Benin, garin da ya yi suna wajen ƙirar tagulla. A 1957 ya shiga kwalejin fasaha ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A can yawancin malamansa Turawa ne, kuma irin zanen ƙasarsu suke koyarwa. A 1958 sai shi da abokansa, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu na alkalami da fenti ne. Abin da suka tsaya a kai shi ne, a koyi dabarar aiki daga Bature, amma abin da za a zana a ɗebo shi daga gida. Shi Bruce ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo da ya ji tun yana yaro. Shi ne kuma ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment a 1962, wanda labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi.

Daga 1963 zuwa 1980 ya koyar da zane a kwalejin St. Gregory ta Legas. Wato malamin sakandare ne kamar mu, da alli a hannu. Yana nan ne wani fada na Katolika, Kevin Carroll, wanda ya daɗe yana aiki da masassaƙan Yarabawa, ya nemi ya zana Hanyar Gicciye a majami'ar St. Paul da ke Ebute Metta. Ga waɗanda ba su saba ba, Hanyar Gicciye hotuna goma sha huɗu ne da ke nuna shan wuyar Yesu, tun daga hukuncin Bilatus har zuwa sa shi a kabari. Wannan a ƙarshen shekarun 1960 ne, lokacin yaƙin basasa. A 1969 ya sake yin hotunan ta hanyar bugawa: a sassaƙa zanen a kan faifai mai laushi, a shafa tawada, a danna takarda a kai.

To, me ya zana? Yesu baƙar fata ne. Matan da ke kuka a bakin hanya suna ɗaure da zannuwa irin na iyayenmu, wasu na rinin adire. Sojojin Roma kuwa ya sa musu kayan ma'aikatan mulkin mallaka. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan ba. Mu ma da muka tashi da hoton kalanda, inda Yesu yake fari mai dogon gashi, da farko abin yakan yi mana wani iri. Amma mu tambayi kanmu: wanne ne ainihin kamanninsa? Babu ko ɗaya. Marubutan Bishara huɗu ba su faɗi tsayinsa ko launin fatarsa ba. Mai zanen Turai ya ɗauki fuskar mutanensa, Bruce ma ya ɗauki ta nasa. A ganinmu nasa ya fi taɓa zuciya, domin wanda ya tsaya gaban hoton ba zai iya cewa abin ya faru can nesa, a hannun waɗansu mutane ba. Ga 'yan kallo nan sanye da tufafinsa.

Saura maganar gumaka. Ɗalibai su karanta Fitowa sura 20 tare da sura 31. Ta farko ta hana yin siffa domin a yi mata sujada. Ta biyu ta nuna Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya, sassaƙar dutse da ta itace a alfarwa ta sujada. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan rataye hoto a majami'a, kuma ba mu nufin mu raba wannan gardama a nan. Amma yaron da ke da baiwar zane bai kamata a tsorata shi da sura 20 a ɓoye masa sura 31 ba.

A 1998 Bruce ya fara taron koyar da masu zane a garinsu, wanda ya sa wa sunan hunturu, wato Harmattan Workshop. A 2024 kuma, yana da shekara casa'in da 'yan kai, gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton na Amurka ya baje hotunan nan goma sha huɗu domin jama'a su gani.